Na Mayar da Keken Sori Tela

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni kuma shi ya dawo da ni. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, 'yata Rakiya ce take rubutawa. Na ce ta sa komai yadda na faɗa, har wuraren da ba ta so, tunda tare muka yi tafiyar ta san babu ƙari.

Maigidana soja ne. Duk Tudun Wada Saje ake ce masa. Lokacin yaƙin Saliyo yana cikin waɗanda aka tura kiyaye zaman lafiya. Ya dawo da ɗingishi, da lambar yabo, da kan keken ɗinki baƙi a nannaɗe cikin bargo. Ya ce a bakin jirgin ruwa ya saya mini. Aka haɗa masa ƙafa a Sabon Gari, na koyi ɗinki a wurin wata maƙwabciya. Da keken nan na ɗinka kayan sallar rabin matan layinmu, da shi na yi wa yarana kayan makaranta, kuma shekarun da abubuwa suka tsaya mana shi ya riƙe tukunya. Duk Juma'a nakan kwantar da kansa baya in ɗiga masa mai. A ƙasansa akwai wani zane da aka yi da tsinin ƙusa. Fiye da shekara ashirin ina goga tsumma a kan zanen nan, na ɗauka adon kamfani ne.

Saura kwana uku ya rasu, bayan la'asar, ya ce in tura ƙofa in zauna kusa. Ya nuna keken da haɓa ya ce, "Ba saya na yi ba."

Ya ce a can an ajiye su ne, shi da 'yan uwansa sojoji, a bakin wata gada. Jama'a na gudowa daga 'yan tawaye, 'yan tawayen kuma suna sajewa a cikinsu. Maza layi ɗaya, mata layi ɗaya. An koya musu dabara: a sa namiji ya tuɓe riga a duba kafaɗarsa, domin wanda ya daɗe yana rataya bindiga, igiyarta takan bar masa shati. Wani siririn mutum ya zo da ƙunshi a rataye. Ya tuɓe, sai ga shati ja daga kafaɗa har ƙirji. Yana ta nuna ƙunshin yana magana da yarensu, ba wanda ya saurare shi.

"Ni na fitar da shi daga layi," in ji Saje. "Ni na sauka da shi ƙarƙashin gadar. Ban aiki kowa ba."

Bayan ya harbe shi ya kwance ƙunshin ya ga kan keke ne. Ya rataya shi da igiyar mutumin ya tafi sansani, tafiyar rabin yini. Da ya tuɓe zai yi wanka, ya ga shatin a tasa kafaɗar, iri ɗaya sak.

"Tun ranar ban taɓa shiga wanka ban duba kafaɗata ba. Abin da ke tsakanina da Allah ina sa ran rahamarsa. Amma wannan haƙƙin mutum ne, sai masu shi sun yafe. Ki nemar mini."

Ranar jana'iza ina daga cikin gida na ji liman yana cewa duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Layi duka ya amsa, "Mun yafe." Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka, domin mai yafewar ba ya cikinsu.

Da na fita takaba na kwantar da keken na kira Rakiya. Ta karanta: Sori Tela, sai sunan wani gari. Garin ba zan faɗa ba, akwai mai rai a cikinsa. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce in babu hanyar samun magada a yi sadaka da kayan, in kuwa da hanya, mayarwa ita ce magana. Babban ɗana ya taso daga Hanwa ransa a ɓace.

"Inna, wa ya tambaye ki? A ƙasar nan wa yake ma tuna an yi yaƙin? Yarana ba su san inda Saliyo take ba. Sunan Baba kaɗai ne mutuncin da ya rage mana, za ki je ki tona shi a ƙasar wasu."

Gaskiya ya faɗa game da mantuwa. A nan shekara-shekara, ranar tunawa da sojoji, sai dai mu gani a talabijin an ajiye furanni an saki tattabaru, ba a ambaton gada ko ɗaya. Na ce masa ubansa ba a gaban mutanen Hanwa yake kwance ba. Rakiya tana koyarwa a wata firamare a Tudun Jukun, ta jira dogon hutun damina, muka yi fasfo, muka bi ta mota.

A Legas wani ɗan kamasho mai daɗin baki ya rantse mana motarsa ba ta tsayawa sai Abijan. Muka ƙetare iyaka uku, a kowace sai an kwance bargon an juya keken an tambaye mu ko na sayarwa ne. Da muka isa Ankara ta ƙasar Gana, direba ya sauke kayanmu ya ce nan ne ƙarshen hanyarsa, bai san wani ɗan kamasho ba. Muka tsaya a tasha da ƙunshinmu, ruwa na tsuga. Wata mai sayar da koko ta ji muna Hausa, ta rufe tukunyarta ta kai mu zango, unguwar Hausawa, gidan yayanta Malam Isufu, wanda yake saukar da baƙi.

Tsoho ne mai fara'a, kuma ashe shi ma tsohon soja ne. Yana jin inda za mu ya buga cinya.

"Saliyo? Ai na je. Laberiya ma na je kafin nan. Mu sojan Gana, Hajiya, aiki ya kai mu. Ku na Najeriya kuwa jirgin ruwa kuka kai wayam, ya dawo yana nishi. Firji, fanka, har kwanon rufin gida."

Yana dariya, ni ina kallon tabarma. Ƙunshin yana jingine da ƙafata.

Matarsa Adiza tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Agogon bangon da ke ɗakinka fa, a wane kanti ka saya?"

"Wannan kyauta aka ba ni."

"Da bindiga a hannunka kowa ma mai kyauta ne."

Ya yi tari ya gyara hula. Can sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Amma in faɗi gaskiya, duk inda wuta ta yi zafi naku ake turawa gaba. Na ga yaranku ana jera su a bayan mota an rufe da tanti, ba sau ɗaya ba. A nan ba ma faɗin wannan. A nan cewa muke mu muka kai musu zaman lafiya." Ya dubi ƙunshin. "Mene ne a ciki?"

"Kayan ɗinki ne, Baba," in ji Rakiya.

Bai ƙara tambaya ba. Kwana biyu muka yi a gidan. Ranar tafiya shi da kansa ya raka mu ya zaɓa mana mota, ya ja kunnen direban, Adiza kuma ta ƙulla mana garin rogo da soyayyen kifi.

A Abijan Faransanci suke yi, bokon Rakiya bai yi mana rana ba. Muka zama kamar kurame, sai nuni da hannu. Wani Bahaushen Nijar mai sayar da goro a tasha ne ya taimake mu. Na sayi goro fari manya a wurinsa, na ce na neman gafara ne, ya naɗe mini a ganye ya yayyafa ruwa. Da na ce mijina ya yi yaƙin Saliyo, sai ya juya ya tambayi 'yan garin da ke zaune a bencinsa. Ɗaya ya ɗaga kafaɗa, ɗaya ya yi magana mai tsawo. Mai goron ya ce, "Wai wane yaƙi ke nan? Su nasu suka sani, kuma ba su gama binne nasu ba." A nan na fara kewar gida sosai. Na yi kwana tara ban ga tuwo ba. Ina da ƙullin kuka da daddawa a jaka, babu inda zan dafa, sai in buɗe in shinshina in mayar.

Bayan mun shiga Laberiya hanya ta ƙare, sai jan taɓo tsakanin itatuwa masu tsawon da ban taɓa gani ba. Motarmu ta kafe har ƙofa. Gabanmu manyan motoci ne a jere, wasu sun yi sati a wurin, har direbobin sun shanya wanki. Aka ce kowa ya ɗauki kayansa a taka zuwa ƙauyen gaba, can akwai wasu motocin. Rakiya ta ɗauki jakunkuna. Na ɗora keken a ka, wuyana ya ƙi, ga santsi. Sai na yi masa rataya da igiyar da muka ɗaure shi.

"Inna, ki ba ni, ki karɓi ƙaramar jakar."

"Ni aka ba saƙon."

Tun hantsi muke tafiya har rana ta karkata. Na faɗi sau biyu, takalmina ɗaya ya zauna a taɓo. Da muka isa ƙauyen wata mata ta nuna mana rafi a bayan gidaje. Na tuɓe riga zan wanke jikina. Na waiwaya na ga Rakiya ta zauna a kan dutse ta toshe baki da hannu. Na duba. Shati ne ja daga kafaɗa har ƙirji, wani wurin ya ɗaye. Har ranar, ina jin a zuciyarta tana cewa wataƙila zafin ciwo ne ya sa ubanta sambatu. A bakin rafin nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

A Manrobiya, babban birnin ƙasar, muka zauna a rumfar wata mai shinkafa kusa da tasha, Kirista ce, ana ce mata Ma Esta. Turancinsu gudu yake yi, amma Rakiya tana tsintar abin da ta tsinta tana juya mini. Matar tana zuba mana miyar ganyen rogo ta tambayi daga ina. Da ta ji Najeriya sai ta ajiye ludayin.

"Ina tsaye a tsakar gidana naku suka cire mini ƙofa. Har suka miƙo mini ƙusoshin na riƙe musu."

Mijinta yana gefe yana gyaran rediyo, ya ce, "Ƙofa ce ta dame ki? Da ba su zo ba, wa zai rage ya shiga ta ƙofar?"

"Kai rufe mini baki. Kai da ka kwana huɗu a cikin ganga."

"Gangar da kika tura ni ciki kika zauna a kai."

"Da na sani da na bar ka a waje su haɗa da kai, a huta."

Masu cin abinci suna dariya, da gani sun saba jin wannan faɗan. Wani a cikinsu ya ce jiragenmu ne suka rushe unguwarsu, wani ya ce a sansaninmu uwarsa ta samu mafaka, nan take rumfar ta rabu biyu. Ni dai na janye hannu daga shinkafar. Ma Esta ta lura. Ta tsaya a kaina ta tambayi me ya fito da tsohuwa irina cikin wannan damina. Rakiya ta ce wani abu za mu mayar wa masu shi. Matar ta dubi ƙunshin, ta dubi ƙafata mai takalmi bambam da bambam. Ta koma tukunya ta tsamo kan kifi ta ɗora mini, ta shiga ciki ta fito da silifas ɗinta ta ajiye a gabana. Da za mu tashi ta riƙe hannun Rakiya.

"In kun koma ku gaya wa sauran, tawa ƙofar koriya ce."

Muka ƙetare wani babban kogi muka shiga Saliyo. Yini biyu muna canza mota kafin mu isa garin da ke rubuce a ƙasan keken. Kafin a shiga garin akwai gada. Ban san ko ita ce ba, ban kuma tambaya ba. Na rufe idona har sai da na ji ƙarar tayoyi ta canza.

A ƙofar masallacin tasha wani dattijo ya ji muna magana, sai ya miƙe da sauri ya ce da Hausa, "Sannu. Yaya aiki?" Iyakar Hausarsa ke nan, a bakin sojoji ya koya. Sunansa Alimami. Hannunsa na dama ya tsaya ne a wuyan hannu. Yarensu na kasuwa ya yi kusa da Turancin buroka, shi ya sa Rakiya ta fi gane shi. Da ya ji mijina sojan Najeriya ne, sai ya shiga kiran mutane. Aka kawo mini kujera, aka kawo ruwa, wata ta kawo ayaba. Ya ɗaga dungulmin ya ce 'yan tawaye ne suka sare, sun sa shi ya ɗora na hagu a kan turmi ke nan suka ji motocinmu, suka watse.

"Wannan hannun na mijinki ne," in ji shi, yana juya na hagun a gabana.

Ya tambaya ko yana raye. Da aka ce ya rasu, ya haɗa dungulmin da hannun ya yi masa addu'a mai tsawo, jama'a na amsawa. Ni ma na ce amin. Wallahi zagin rumfar Ma Esta ya fi mini sauƙi.

Rakiya ta tambaye shi ko ya san wani Sori Tela. Ya ce shi ma tela ne kafin a raba shi da hannu. Na kwance bargon. Ya kwantar da keken a cinyarsa kamar yadda nake yi duk Juma'a, ya kai idonsa kusa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Uban ɗakinmu ɗaya. Ina zaune ya yi rubutun nan. Matarsa tana nan, Kadiyatu, manja take sayarwa."

Ya sauke mu a gidansa. Washegari da hantsi ya kai mu.

Mace ce baƙa doguwa, ba ta kai ni shekaru ba amma ta fi ni furfura. Tana tsakar gida tana ɗura manja a kwalabe. Alimami ya ajiye keken a kan benci ya janye bargon. Ta goge hannu a zani. Ta zo ta juya tayar a hankali, ta karkata kunne tana sauraron ƙararsa. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba, ta rungume ƙarfen nan.

Ta zaunar da mu ta ba mu labari, Rakiya na juya mini. Tana da cikin wata bakwai suka gudu. A bakin gada aka raba layi. Ita ta haye, ta zauna a ɗaya gefen tana jiransa har rana ta faɗi. Daga baya aka ce mata 'yan tawaye sun buɗe wuta a layin maza. Wani sojan Najeriya ne ya ba ta ruwan gorarsa, ya ɗaga ta ya sa a mota. Ta tambayi sunansa ya ce Musa. Da ta haihu ta sa wa yaron Musa. Ta nuna hotonsa a bango, yana birni yana tuƙin babur.

"Ta ce duk ɗan Najeriya ɗan gidan nan ne," in ji Rakiya, ba ta kalle ni ba.

Na sauka daga benci na durƙusa. Na kwance ganyen na tura goron gabanta. Na ce wa Rakiya ta faɗa mata komai, tun daga layin har ƙarƙashin gada, sannan ta ce mamaci yana roƙon gafara. Rakiya ta yi magana. Ban san Turanci ba, amma na san tsawon labarin nan, na kwana da shi wata bakwai. Abin da ta faɗa bai kai rubu'insa ba. Kadiyatu ta ɗaga hannu sama tana sa albarka, ta kamo kafaɗuna za ta tashe ni.

"Me kika gaya mata?"

"Na ce Baba ya tsinci keken a bakin hanya ya adana, ya bar wasiyya a mayar. Ta ce babu abin yafewa, amma in akwai ta yafe duniya da lahira. Inna, mun samu abin da muka zo nema. Mu tashi."

"Wanda ya tsinta ta yafe wa. Ubanki bai tsinta ba."

"Inna, don Allah ki dubi fuskarta. Ki dubi hoton yaron nan."

Na duba. Ba zan ɓoye ba, na so in tashi. Kalmar da na ƙetare ƙasa shida dominta tana hannuna, ga shaida har biyu. Matar nan kuma ta rayu shekarun nan duka da abu ɗaya mai daɗi daga ranar, ni ce zan karɓe shi. Amma na tuna idon Saje da la'asar ɗin nan. Ba kalma ya aike ni nema ba. In na kai masa wannan, ranar da za a tsaya ba za ta tsaya masa ba.

Tunda bakin da na zo da shi ya ƙi, na zame mayafina, na ja wuyan rigata gefe. Shatin ya riga ya yi baƙi, da ɓawo a kansa. Na nuna shi, na nuna igiyar, na nuna keken. Na miƙe yatsa biyu kamar bindiga. Sannan na dafa ƙirjina na ce, "Saje."

Mutanen ƙasar nan ba sa bukatar a fassara musu kafaɗa. Alimami ne ya fara ganewa, na ji ya ja salati a hankali. Kadiyatu ta saki kafaɗuna. Ta dubi Rakiya ta yi tambaya ɗaya gajeriya. Rakiya ta fashe da kuka ta gyaɗa kai, sannan ta faɗi sauran, wannan karon da tsawonsa.

Matar ba ta yi ihu ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Muka zauna, ina durƙushe, kaji na yawo tsakanin kwalaben manja, har aka kira azahar ba wanda ya motsa. Na ce a raina ko da taɓarya ta fito ba zan kauce ba.

Da ta fito, 'yar kwalbar man alayyadi ce a hannunta. Idonta ya kumbura. Ta zauna a ƙasa gabana, ta zuba man a tafi ta shiga shafa mini a kan shatin. Ba a hankali take shafawa ba, na ji zafi har cikin ƙashi. Tana shafawa tana magana, Rakiya na juyawa, ba ta rage komai ba.

"Keken na karɓa. Abin da kuka ci da shi, ke da 'ya'yanki, na yafe, ba ku sani ba. Shekarun da na yi ni kaɗai, wannan nawa ne, yau ba zan iya ba, ban san gobe ba. Ran Sori kuwa ba nawa ba ne da zan bayar. Mijinki ya riga ya isa inda yake. Ya tambaye shi da kansa."

Ta rufe kwalbar ta sa mini a hannu. Ta naɗe goron a ganyensa ta mayar mini, ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Sai ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke bango.

"Yanzu da wane baki zan kira sunan ɗana?"

Wannan ba ni take tambaya ba.

Alimami ya raka mu tasha, tafiya mai ɗan nisa. Sai da muka shiga mota ya leƙo ta taga. Ya dubi hannunsa na hagu, ya dube ni. Ya ce addu'ar da ya yi jiya ya riga ya yi ta, ba zai janye ba, amma kada in sa ran zai iya ƙara wata.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta, jiki ne kawai yake tafiya. Goron ya bushe a jaka. Da muka iso Tudun Wada babban ɗana ya zo, bayan gaisuwa ya ce, "To, Inna, an yafe?" Na faɗa masa abin da aka yafe da abin da ba a yafe ba. Ya tashi ya ciro lambar yabon daga bango, ya juya ta a hannu, ya rasa inda zai kai ta, ya mayar inda take.

Ƙafar keken tana nan a ɗakina, teburin da rami a tsakiya. Mata har yanzu suna aiko da atamfa, ina mayar musu. Wani lokaci ina zaune sai in tarar ƙafafuna sun hau suna takawa, bel ɗin yana lilo ba abin da yake juyawa. Ban sani ba ko na yi wa Saje aiki ko ɓarna na ƙara, na bar wata mata a can da abin da ba ta da shi kafin in je. Wannan ma yanzu yana wuyana, kuma ni ba ni da wanda zan aika.

Shatin ya ɓace bayan wata biyu, man Kadiyatu ne ya warkar da shi. Amma har yau in na shiga wanka sai na duba kafaɗata.

Rakiya, ajiye biron haka nan. Wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya sa mutum biyu a addu'a, ya fara da telan.